Baba ya tsufa a Ingila: a riƙe shi a gida, a nema masa wurin kulawa, ko a mai da shi ƙasa?

Waɗanda suka zo Ingila karatu ko aikin asibiti a shekarun 1970 da 1980, da niyyar su yi shekara uku su koma, yau da yawansu sun haura saba'in, wasu sun ba tamanin baya. 'Ya'yansu a Landan, Manchesta ko Bamingam suna fita aiki da sassafe, ba sa dawowa sai bayan magariba. Gidajen kuwa ƙanana ne, ga matakala, ga banɗaki a sama. Ranar da Baba ya zame a matakala, ko Hajiya ta ɗora tukunya barci ya kwashe ta, sai a haɗa 'yan'uwa a waya, na nan da na Kano da na Abuja, kowa da tasa. Yaya ya ce a maido shi gida. Auta ta ce ita za ta ajiye aiki. Babu mai son ya fara furta maganar gidan tsofaffi, domin a kunnenmu gidan gajiyayyu ke nan, wurin wanda ba shi da kowa.

Hanyoyin kuwa huɗu ne, kuma ta biyu a cikinsu yawancin mutanenmu ba su ma san da ita ba. Ana iya barin tsoho a gidansa a riƙa turo masu kula. Ana iya kama masa sashe nasa na kansa a gidajen ƙarin kulawa. Ana iya kai shi gidan kula da tsofaffi, mai ma'aikatan jinya ko marar su. Ana iya kuma mai da shi ƙasa. A ganina abin da ke raba gardama a tsakaninsu shi ne dare. Daga isha zuwa asuba sau nawa yake tashi? Yana iya kai kansa banɗaki? Idan ya farka ya san inda yake? Wa zai ji shi idan ya faɗi? Da rana ana iya dabara, wannan ya leƙo, wancan ya kira. Rashin barci shi ke karya mai jinya, kuma a kansa ne yawancin tsare-tsaren iyali ke rushewa.

Kafin a zaɓi komai

Duk inda zuciya ta karkata, a fara da kiran sashen kula da manya na ƙaramar hukumar da tsohon yake zaune. Dokar kulawa ta 2014, wadda ta fara aiki a Afrilun 2015, ta wajabta musu su tantance buƙatunsa kyauta, mai hali ne ko marar hali. Wanda ke yi masa hidima a gida ma yana da haƙƙin a duba nasa nauyin daban.

A nan ne muke yawan cutar kanmu. Ma'aikaciya za ta zauna a falo da takardunta ta tambaya ko yana iya wanka da kansa. Baba zai gyara zaman hula ya ce, "Lafiya lau, Alhamdulillahi," domin dattijon Bahaushe ba zai gaya wa baƙuwa sa'ar 'yarsa cewa ɗansa ne ke ɗago shi daga baho ba. Ita kuwa abin da ta ji shi za ta rubuta, a kansa kuma za a yanke taimakon da zai samu. Don haka kafin ranar a yi kamar mako biyu ana rubuta abin da ke faruwa a ɗan littafi: ƙarfe nawa ya tashi, shimfiɗa ta jiƙe ko ba ta jiƙe ba, ya maimaita shan magani saboda mantuwa, ya ƙi abinci. A nemi yardarsa a miƙa littafin, ko a roƙi ma'aikaciyar a gana da ita a keɓe, don kada a kwance masa zani a gaban baƙuwa.

Bayan buƙata sai a duba dukiya. A Ingila wanda ajiyarsa ta haura fam 23,250 shi zai biya kuɗin kulawarsa gaba ɗaya. Wanda tasa ba ta kai fam 14,250 ba, ba a taɓa ajiyar, amma ana karɓar wani abu daga fanshonsa. Tsakanin biyun ana lissafa masa fam 1 a mako kan kowane fam 250. Tun 2010 waɗannan alƙaluma ba su motsa ba, shirin da aka yi na cewa kada abin da mutum zai kashe a rayuwarsa ya wuce fam 86,000 kuma gwamnati ta soke shi a Yulin 2024. Sikotlan da Wels nasu tsarin daban ne. Gidan da Baba ya gina a Kano ko filinsa na Kaduna suna cikin dukiyar da ake tambaya. Idan kuma aka juya kadara zuwa sunan 'ya'ya don a kauce wa biya, hukuma na iya lissafa ta kamar tana hannunsa, kuma babu wasu shekaru da za a ce in sun wuce an tsira. Amma doka ba ta ɗora wa ɗa biyan kuɗin kulawar iyayensa ba, sai in shi ya sa hannu da kansa.

Akwai kuma alawus da ma'aikatar ayyuka da fansho ke ba tsohon da ke buƙatar mataimaki, wanda ba ruwansa da yawan dukiya. A shekarar 2025 zuwa 2026 fam 73.90 ne a mako ga mai buƙatar taimako da rana ko da dare, fam 110.40 ga mai buƙata dare da rana. Gidaje da yawa sun cancanta ba su nema ba.

Ya zauna a ɗakinsa, a riƙa zuwa

Wannan ita kowa ke fara so, kuma da gaskiyarsa. Tsoho na kan kujerarsa, maƙwabta sun san shi, masallacin da ya saba yana kusa, kuma ba a sa darajar gidan da yake ciki a lissafi. Masu kula kan zo daga sau ɗaya zuwa sau huɗu a rana: na safe don wanka da sa kaya, na rana don abinci da magani, na yamma, sai na kwanciya. Kuɗin awa ɗaya a yawancin wurare tsakanin fam 25 ne da 35. In daga asibiti aka sallamo shi, akwai taimakon farfaɗowa na kyauta har mako shida, a tambaya tun yana kan gadon asibitin. Ƙananan gyare-gyare irin ƙarfen dafawa da ba su wuce fam 1,000 ba kyauta ne, manya kuma, kamar kujerar hawa bene ko cire baho a yi wurin wanka na ƙasa, akwai tallafin da ke kaiwa fam 30,000 gwargwadon ƙarfin mutum.

Inda take ciwo shi ne fuskoki na canzawa. Yau wannan ce, gobe wata, ziyarar kuma sau da yawa rabin awa ce. Hajiya da ba ta taɓa buɗe kanta a gaban wani namiji ba, dole a rubuta a tsarin kulawarta cewa mace kawai, a kuma tambayi kamfanin me suke yi ranar da macen ba ta zo ba. Mafita mai kyau ita ce a nemi ƙaramar hukuma ta ba da kuɗin a hannu, iyali su ɗauki wadda suka yarda da ita, mai jin Hausa in an dace. Sai dai daga ranar kun zama masu ɗaukar ma'aikaci, da albashi da haraji da hutu da inshora a wuyanku, kuma bisa ƙa'ida ba a biyan ɗan'uwan da ke zaune gida ɗaya da tsohon sai da yardar hukuma.

Daga ziyarar kwanciya zuwa ta safe kuwa babu kowa. Ƙararrawar da ake rataya wa tsoho a wuya tana aiki ne ga wanda zai tuna ya danna. Mai kwana a farke tsadarsa ba kowa zai iya ba, mai zama a gida dare da rana kuma kuɗinsa na kusa da na gidan kula, shi ma yana buƙatar barci. Sai nauyin ya faɗa kan 'ya mace ko matar ɗa. A shekarar 2025 zuwa 2026 alawus ɗin da gwamnati ke ba mai hidima fam 83.30 ne a mako, ga wanda ke yin awa 35 ko fiye kuma abin da yake samu a wurin aiki bai wuce fam 196 a mako ba. Wannan ba ya maye albashi. Mu kuma faɗa wa kanmu gaskiya: mace mai yara da aiki, ta riƙa tashi tsakar dare tana canza wa surukinta shimfiɗa, mutumin da ko sunansa ba ta faɗa don kunya, ba za a jima ba sai abin ya nuna a jikinta ko a aurenta, shi ma Baban yana jin nauyin haka fiye da yadda muke zato. Ladan hidimar iyaye ɗansu ne ya kamata ya tsaya ya nema, ba ya bar wa matarsa ya fita ba.

Wannan hanya ta dace da tsohon da ke barcinsa ko yake kai kansa banɗaki lafiya, kuma akwai aƙalla mutum biyu da za su riƙa karɓar juna.

Sashe nasa, mabuɗi a hannunsa

Gidajen ƙarin kulawa gini ne guda mai sassa da yawa. Kowane sashe da ɗakin kwana ɗaya ko biyu, falo, kicin, banɗaki, da ƙofar da mabuɗinta ke hannun mai ita. Yawanci daga shekara 55 ake karɓa. Tsoho a nan ɗan haya ne ko mai mallaka, ba majinyaci ba. Sai an ƙwanƙwasa a shigo masa, babu mai ce masa lokacin kwanciya ya yi. Abin da ya bambanta shi da sauran gidajen haya shi ne akwai ma'aikatan kula a cikin ginin dare da rana. Suna shigowa a lokutan da aka tsara, in kuma ya ja igiyar gaggawa ƙarfe uku na dare, mutum ne zai hawo daga cikin ginin. Ƙungiyoyi irin su Anchor, Housing 21 da ExtraCare Charitable Trust suna da irinsu a garuruwa da dama. Kada a rikita su da gidajen tsofaffi masu mai tsaro da ƙararrawa kawai; waɗancan ba sa yi wa kowa wanka, ba sa ba da magani.

Dalilin da ya sa na daɗe a kan wannan hanya shi ne ta warware abubuwan da suka fi damun mu ba tare da an roƙi kowa alfarma ba. Kicin nasa ne. 'Yarsa ta zo ranar Asabar ta tuƙa tuwo, ta kaɗa miyar kuka, ta zuzzuba a robobi ta jera a firiza, mai kula ta ɗumama masa da rana. Nama kuma daga mahaucin da kuka sani ne. Banɗakin shafe yake babu tudu, ruwa na gangarawa magudana, ga kujera manne da bango, sai ya zauna ya yi alwalarsa da butarsa ba fargabar santsi. In azumi ya zo kuma likita ya yarda, ya yi sahur ɗinsa a lokacinsa. Jikoki su zo su cika falo ranar sallah, wasu gidajen ma suna da ɗakin baƙi da ake kamawa. Babban abin kuma, miji da mata ba sa rabuwa: in Alhaji ne jikinsa ya yi rauni, Hajiya na nan tare da shi, amma ɗagawa da wanka sun sauka daga kanta.

Kuɗinsa kashi uku ne, a nemi kowanne a rubuce. Akwai haya. Akwai kuɗin hidima na lif da lambu da shara da ma'aikatan dare, wanda ake biya ko an kira su ko ba a kira ba. Sai kuɗin kulawa gwargwadon awanni, wanda ƙaramar hukuma ke lissafawa kamar na mai zama a gidansa. Tsoho mai ƙaramin ƙarfi na iya samun tallafin haya. Wanda kuwa ya mallaki gida ya bar shi, darajar wancan gidan na iya shiga lissafi. Masu son saye su kai yarjejeniyar wurin lauya kafin sa hannu: wasu wuraren suna cire wani kaso ranar da aka sayar, kuɗin hidima kuma yana ci gaba da hawa bayan rasuwa har sai an sami mai saye, kuma irin waɗannan sassa ba sa saurin sayuwa. Ga iyalin da ke son a raba gado a kan lokaci wannan ba ƙaramar magana ba ce. Ni haya na fi ba da shawara.

Yana da iyaka, kuma gara a san ta tun da wuri. Yawanci babu nas a ginin. Ma'aikatan dare kaɗan ne, na gaggawa ne, ba za su zauna a bakin gadon mutum ɗaya ba. Don haka a tambayi manaja kai tsaye: mutum nawa ke aiki da dare, a farke suke ko sai an tashe su? In ya kai ga sai mutum biyu sun ɗaga shi, za ku iya? In gigin tsufa ya yi ƙarfi, a wane mataki za ku ce ya fi ƙarfinku? Hukumar CQC, mai sa ido kan ayyukan lafiya da kulawa a Ingila, tana duba kamfanin da ke ba da kulawar, ba ginin ba, rahotonta kuma yana intanet kowa na iya karantawa. Akwai layin jira, sau da yawa kuma sai mutum na da alaƙa da yankin, shi ya sa ake sa suna tun ƙafa na takawa. Wanda mantuwa ta riga ta yi nisa da shi ba zai koyi sabuwar ƙofa da sabon lif ba. Wurin zai rikita shi ne.

Sai kaɗaici. Mai yiwuwa shi kaɗai ne Bahaushe a ginin, wasannin da ake shiryawa a zauren taro kuma ba lallai su zama nasa ba. Saboda haka nisa ya fi ƙawa muhimmanci. Wuri madaidaici da ɗa zai biya ta nan in ya taso aiki, kuma mota ɗaya ce zuwa masallacin Juma'a, ya fi ƙasaitaccen wurin da sai an keɓe masa yini guda.

Gidan kula da gidan jinya

A nan ɗaki ɗaya ne nasa, abinci daga kicin ɗin gidan, ma'aikata a farke kowane lokaci. A gidan kula suna wanka, ciyarwa da ba da magani. A gidan jinya kuma akwai nas dare da rana. Lokacinsa na zuwa ne idan tsoho ya fara buɗe ƙofa tsakar dare ya fita cikin sanyi, ko shanyewar ɓarin jiki ta hana shi haɗiya, ko sai an riƙa juya shi bayan 'yan awanni don kada gyambon kwanciya ya kama shi. Ƙungiyar Alzheimer's Society ta ƙiyasta cewa kusan kashi 70 cikin 100 na mazauna waɗannan gidaje suna da ciwon mantuwa ko matsananciyar matsalar tunawa.

Mai biya da aljihunsa yakan biya sama da fam 1,000 a mako, na jinya ya fi haka. A nan ne gidan Baba ke shiga lissafi, sai dai idan matarsa na ciki, ko ɗan'uwa mai shekara 60 ko fiye, ko mai naƙasa, ko ɗansa da bai kai 18 ba. Ana ɗaga ƙafa na mako 12 na farko, ana kuma iya yarjejeniya da ƙaramar hukuma ta biya a matsayin bashi mai ruwa a kan gidan. Wanda wannan ya dame shi ya tambayi malami kafin ya shiga. In hukuma ce ke biya, fanshonsa na tafiya, a bar masa kimanin fam 30 a mako. Kafin a sayar da komai a nemi a gwada shi a tsarin ci gaba da jinya na NHS, wato hukumar lafiya ta ƙasa: wanda aka tabbatar babbar buƙatarsa ta lafiya ce, NHS ke ɗaukar kuɗin duka, ba a duba dukiyarsa. Samu da wuya, amma nema haƙƙi ne. A kuma yi hattara da takardar cikon kuɗi da ake miƙo wa 'ya'ya idan sun zaɓi gidan da ya fi abin da hukuma ta ware. Kuɗin na ƙaruwa shekara bayan shekara, wanda ya sa hannu shi ne a ciki.

Na san abin da ke tsaye a maƙogwaron mai karatu: aya ta 23 da 24 a Suratul Isra'i, inda aka hana mu ko da nuna ƙosawa ga iyaye in tsufa ya riske su a wurinmu. Ba na ɗaukar wannan da wasa. Amma na ga ɗan da ke ƙaunar mahaifinsa ya daka masa tsawa da asuba saboda ya yi kwanaki bai runtsa ba, ya koma ya zauna yana kuka. A fahimtata, ɗan da ya ɗauko masu iyawa su yi ɗagawa da juyawa, shi kuma ya zo kullum ya ciyar da mahaifinsa da hannunsa, ya yanke masa farce, ya karanta masa Alƙur'ani da sakin fuska, bai yar da shi ba. Wanda ya yar shi ne wanda ya kai ya juya baya.

Zuwan nan kuwa ba na kyautatawa kawai ba ne. Mai ciwon mantuwa yakan koma harshensa na farko. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana aiki da Turanci sai a wayi gari Hausa kawai yake yi. Da almuru ya tashi yana zagaye yana cewa a ba shi buta, rana za ta faɗi bai yi salla ba, ma'aikata su rubuta cewa ya rikice. A manna musu takarda a bango da kalmomi kaɗan, ruwa, banɗaki, ciwo, salla, da lokutan sallar watan, a nuna musu alƙibla, a ajiye masa dutsen taimama. Tun Afrilun 2024 barin iyali su ziyarci mazaunin gidan kula ya shiga ƙa'idojin da CQC ke bincika.

Wajen zaɓe, a je lokacin cin abinci ba tare da dogon shiri ba. A saurara a ji minti nawa ƙararrawa ke kuka kafin a amsa. In sun ce suna da abincin halal, a tambayi inda suke sayen naman, don a wasu wuraren kifi da ganye kawai ake nufi. Ana iya fara da zaman gwaji na mako ɗaya ko biyu.

A mai da shi ƙasa

Wannan ce 'yan'uwan da ke gida suka fi kawowa, kuma alherinta a fili yake. Kowa na jin harshensa. Kiran salla na shigowa ta taga. Ba ya wuni shi kaɗai, babu duhun ƙarfe huɗu na yamma irin na hunturun Ingila, fanshon fam kuma in an canza shi yana ɗaukar masu hidima biyu, na rana da na dare. Da yawan dattawanmu burinsu ke nan, su cika a cikin danginsu a rufe su kusa da iyayensu. Wanda ya faɗi haka da hankalinsa, maganarsa tana da nauyi.

Ga abin da ake bari a baya. Fanshon gwamnatin Birtaniya ana biyan sa a Najeriya, amma yana tsayawa a adadin da yake ranar tafiya, ba ya samun ƙarin shekara-shekara. Alawus ɗin mataimaki yana yankewa bayan mako 13 a waje, tallafin cikon fansho na masu ƙaramin ƙarfi bayan mako 4. Wanda takardarsa ta zaman dindindin ce, ba fasfo ba, in ya yi shekara biyu a jere a waje ta faɗi. NHS kuma ta mazauna ƙasa ce; wanda ya tare a Najeriya, ko da fasfon Birtaniya ne da shi, in ya zo ziyara ya kwanta asibiti ana iya cajinsa kashi 150 cikin 100 na kuɗin aikin.

A can kuma kusan komai daga aljihu ne. Akwai ƙwararrun likitoci a Asibitin Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya, amma fannin lafiyar tsofaffi sabo ne a ƙasar: cibiyar farko ta musamman an buɗe ta ne a asibitin koyarwa na Ibadan a 2012, cibiyar dattawa ta ƙasa kuma sai 2021 ta fara aiki. Mai allurar insulin yana buƙatar firjin da ba ya mutuwa, wato sola ko janareta. Mai wankin ƙoda a yi lissafin kowane zama kafin a sayi tikiti. Zafin Afrilu da Mayu yana galabaitar da mai ciwon zuciya, wanda kuma ya daɗe a Turai garkuwar da jikinsa ya saba yi wa zazzaɓin cizon sauro ta tafi.

Tambayar da ta fi duk waɗannan: wa zai riƙe shi? In aka ce "ai dangi na nan", ba a amsa ba. A faɗi suna. Gwaggo ce, ita ma shekararta nawa? Matar ƙane ce, an tambaye ta ita da kanta? Nawa za a biya ta, wa zai karɓe ta, wa ke riƙe kuɗin magani, wa zai tuƙa mota ƙarfe biyu na dare? Haka kuma Kanon da Baba ke tunawa ta 1978 ce. Abokan zaman majalisarsa da yawa sun riga mu gidan gaskiya, jikokin da ya saba da su kuma suna Landan. A yi gwaji na wata biyu, a haɗa da lokacin zafi in da hali, ba tare da an saki gidansa na Ingila ba. Ga mai ciwon da ke buƙatar asibiti a kai a kai, ina ganin zama ya fi. Ga wanda rauninsa na tsufa ne kawai, ko mantuwa ce ta mai da shi Hausa zalla, kuma akwai tsayayyen mutum a can, komawa na iya fin duk gidajen da na ambata.

Masu tunanin akasin haka, wato ɗauko tsoho daga Najeriya a kawo shi nan, su sani tun Yulin 2012 bizar ta yi tsauri ƙwarai: sai an nuna cewa kulawar da yake buƙata ba ta samuwa a can ko da kuɗin ɗansa.

Takarda, magana, da ranar tashi

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun Baba na da cikakken hankalinsa a yi takardar wakilci mai ɗorewa, iri biyu ce, ta dukiya da ta lafiya, a yi mata rajista a ofishin gwamnati mai kula da wannan. Rajistar kan ɗauki makonni. In aka bari hankali ya gushe, banki ba zai saurari ɗa ba don kawai shi ne babba, sai an bi ta kotu, da tsada da jinkiri. Dokar 2005 kan ikon yanke shawara kuma ta ce muddin mutum na iya fahimta ya yanke, zaɓin nasa ne ko da iyali ba su so. Addini da tarbiyya ma haka suka ce.

Kada a je masa da hukunci. A je da wanda yake jin nauyinsa, ƙaninsa ko amininsa ko liman, a ce, "Baba, tun faɗuwar nan hankalinmu bai kwanta ba. Akwai wani wuri kusa da ni, muna so ka je ka gani da idonka, in bai yi maka ba an bar maganar." A cika wannan alkawarin. Sau da yawa sai an yi zama biyu ko uku.

Ranar tashi a riga shi zuwa a shirya ɗakin: kujerarsa, dardumarsa, rediyonsa a tashar da ya saba, agogon bangon da ya sani, gado ta ɓangaren da yake sauka. A tafi da jerin magunguna daga likitansa, a tabbatar an mayar da rajistarsa asibitin unguwar in an canza yanki. A rubuta a tsarin kulawarsa lambar wanda za a kira da ta masallaci in ajali ya zo, da cewa ana son gaggauta jana'iza kuma Musulmi ne za su yi wanka. A raba kwanakin ziyara da suna, har da wanda zai kai shi Juma'a, na Kano kuma a ba su lokacin kiran bidiyo. Bayan mako shida zuwa takwas a nemi a sake duba tsarin.

In aka ga abin da bai dace ba, a fara da manajan wurin a rubuce, sannan ƙaramar hukuma, in ba a gamsu ba a kai ofishin sauraron koke na ƙananan hukumomi da kula da jama'a, wanda ke karɓar ƙorafi kyauta har daga masu biya da aljihunsu. In kuwa zargin duka ne, ko sakaci, ko taɓa masa kuɗi, ba a bin wannan layin: a kira sashen kare manya na ƙaramar hukuma a ranar.